Ƙarami, Na Tsakiya, Ko Babba

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Kala uku ne wasan. Abin da na koyo ke nan yau, ni da na je buga takardun jarrabawar 'yan aji uku. A shagon da ake min bugun akwai wani babban allo a bango. Na ɗaga kai sai na ga cikin jirgin sama, daidai inda matuƙi yake zama, ga agoguna da maɓallai rututu, ga gajimare yana wucewa ta gilashi. Na ɗauka bidiyo ne. Mai shagon ya ce, "A'a Hajiya, wasa ne na kwamfuta. Ke za ki tada jirgin, ke za ki tuƙa, ke za ki sauke shi. In kin yi ganganci ki faɗo." Ya ce har matuƙan gaske suna saya su riƙa motsa hannu da shi a gida.

Na ce nawa ne? Ya ce wanne daga ciki?

Akwai ƙarami, jirage goma sha biyu. Akwai na tsakiya, goma sha takwas. Akwai babba, jirage ashirin da bakwai, da filayen sauka da aka zana har fentin ƙasa. Kuɗin babban ya kusa rabin albashina, ban da sitiyarin da ake ɗaura wa tebur. Na karɓi takardar da aka jera sunayen jiragen, na ce zan yi shawara.

Kwana biyar ke nan Kyaftin yana gida. Kamfani sun dakatar da shi daga tashi har sai an gama gwaje-gwaje, mota ma likita ya ce kada ya taɓa. Shekara goma sha tara ina auren mutumin da nake gani kwana uku a sati, yanzu ga shi nan safe da yamma, bai san inda zai ajiye kansa ba. Yau na dawo na tarar ya jera min robobin kicin daga dogo zuwa gajere, ya manna wa kowace takarda da sunan abin da ke ciki. Har gishiri. Na ce, Kyaftin, ai na san gishiri. Ya ce, "Malama, sani daban, tsari daban." Na yi dariya.

Wani ne ya buga wa likitan kamfani waya ranar Laraba, ya ce a duba shi kafin ya tashi ranar Alhamis. Haka aka gaya masa, wani, ba a faɗi suna ba. Wanin nan shi ne yake riƙe da biron nan. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Ya goge farar rigar aikinsa ya rataye ta a ƙofar kabad. Ba inda za shi.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana, ɗakin malamai

Malamar lissafi ba ta yanke shawara sai ta ja layi. Na ɗauki rula na raba bayan littafin maki gida uku, ƙarami, na tsakiya, babba. Na bi sunayen jiragen ɗaya bayan ɗaya da jan biro, kamar ina kiran suna a aji.

Jirginsa yana ciki. Mai farfela biyu, mai ɗaukar mutum saba'in, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙawa. Amma a babban kawai yake. Sauran biyun ba su da shi.

To ga matsalar. In na sayi ƙaramin, na kawo wa mutum mai furfura abin wasan yara ke nan, jiragen koyo masu kujera biyu. In na sayi babban, na ɗauko masa ainihin kujerar da aka tashe shi daga kanta na ajiye masa a falo. Ban sani ba ko magani ne wannan ko gishiri a ciwo. Na tsakiyan kuwa na matsorata ne, na gane shi da ganin farko don ya yi kama da ni.

Sau biyu na ga abin ya same shi da idona. Na farko a kicin, kofi ya suɓuce daga hannunsa, ya tsaya yana kallon bango, na kira shi sau uku bai san ina yi ba. Na biyu a mota, a danja. An ba mu hannu, na baya suna ta hon, shi yana riƙe da sitiyari idonsa a buɗe, ba ya nan. Da ya dawo ya kama hannuna ya ce, "Gajiya ce. Ki bar shi tsakaninmu, kin ji?" Na ce to. Na ce masa to, da bakina.

Mutum saba'in. Ina ta maimaita wa kaina lambar nan, kuma lambar daidai take. Ban san me ya sa ba ta sa na ji sauƙi ba.

Juma'a, 11 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Umma ta zo duba ɗanta. Ta zauna a doguwar kujera ta cire takalmi, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce ita ba ta ga ciwon komai ba, ga yaro garau. Yaron nan shekararsa hamsin da ɗaya. Na kawo shayi ina zubawa ta fara, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba.

"Wanda ya kai ƙarar nan, ko wane ne shi, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Munafuki. Yana cin abinci da kai yana maka dariya, ashe wuƙa ce a hannunsa. Allah ya tona masa asiri tun a duniya."

Ta juyo ta dube ni. "Ke ba kya cewa amin ne?"

Na ce amin, Umma.

Shayin ya cika kofi ya zuba a faranti ban sani ba. Ta ce, "Kin ga yarinyar nan ma duk ta rame saboda abin. Sannu 'yar nan, Allah ya ba ki ladan haƙuri." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Kyaftin ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Na san ko waye, Umma. Ki bar ni da shi." Na ajiye butar shayin. Ya ce, "Dogo ne."

Dogo mataimakinsa ne, shekara huɗu suna tashi tare, kujerar dama tasa ce. Yaron da yake kirana Anti, wanda matarsa ta haihu na yi kwana biyu ina kai musu abinci asibiti. Wai kwanakin baya a cikin jirgi Kyaftin ya yi masa tambaya ɗaya sau biyu, Dogo ya yi masa wani irin kallo. Kuma Dogo yana jiran ƙarin girma, in aka kawar da kyaftin ɗaya kujera ta samu. Lissafin ya fita tsaf, ba inda zan sa masa jan biro. Amsar ce kawai ba daidai ba, kuma na yi shiru.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ban saya ba.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na koma shagon da sunan karɓar canjina. Mai shagon ya gane ni, ya ja min kujera ya ce in gwada. Na riƙe sitiyarin, jirgin ya ɗan ruga a titi, ya karkata, ya shige cikin ciyawa ya kifa. Ya ce, "Ba komai Hajiya, kowa da haka ya fara. Yaro za a saya wa?"

Na ce maigida.

"Ya ɗan iya kuwa?"

Na ce ya ɗan iya.

"To ki ɗauki ƙarami. Babban nan fa ba na 'yan koyo ba ne. Akwai jirage a ciki da kowane maɓalli yana aiki, kafin ka tada inji sai ka yi minti ashirin kana latse-latse. Wani da ya saya ya dawo yana min faɗa, wai kwana uku jirgi ya ƙi motsi. In Alhaji ya gwanance sai ki dawo ki cika kuɗi a ɗaga masa zuwa babban."

In Alhaji ya gwanance. Na ce na gode, zan ƙara shawara.

A hanya na ƙara wa jadawalina layi ɗaya a kai: wanne ne ba zai sa ya tambaye ni dalili ba? Ni da nake rigima a kan kuɗin wuta, in na shigo da kaya mai tsada haka rana tsaka, Kyaftin ba yaro ba ne. Mutumin da yake gane inji ba lafiya daga sautinsa zai gane ni daga farashi.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Dogo ya zo. Kyaftin ya leƙa ta taga ya ga motarsa, ya ce, "Ki ce ina barci," ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ƙarfe biyar na yamma, mutumin da bai taɓa barcin rana ba.

Na same shi a bakin ƙofa, ya sunkuyo kamar yadda ya saba don kada ya bugi goshi. Ya kawo jakar Kyaftin da ta rage a wurin aiki, da abin sawa a kunnensa a naɗe tsaf. Na ce yana barci. Ya yi murmushi, ya san ƙarya nake.

"Anti, sau tara na kira shi bai ɗauka ba. Na san abin da yake zato. Wallahi tallahi ba ni ba ne."

Na ce na sani. Sai na yi maza na gyara, na ce ai na san halinka.

Ya ce, "Abin da ya fi damuna ma, Anti, na ga abin da na gani ranar nan, kuma aikina ne in faɗa. Na kasa, don ina jin nauyinsa. Wanda ya faɗa ya fi ni zuciya. Ni ga shi ban faɗa ba, kuma ni nake shan zagin."

Ya yi 'yar dariya. Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Kwanan nan addu'o'in da nake yi duk a kaina suke sauka.

Da na shigar da jakar Kyaftin ya ce in ajiye ta a sito. Bai tambayi me Dogo ya ce ba.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Ban saya ba. Na ba wata yarinya sifili a tambayar da ta ci daidai, sai da ta biyo ni har ɗakin malamai da hawaye.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Asibiti. Ni na tuƙa, shi yana gefe yana taka birkin da babu shi. "Malama, sigina. Malama, tazara." Na ce in ka ƙara magana zan sauke ka ka hau tasi. Ya ce a jirginsa da tuni ya rubuta ni. Mun yi dariya, kamar da.

Likita ya faɗi wata kalma mai tsawo. Ba zan rubuta ta ba. Ya ce akwai magani, ya ce wata shida a ƙalla kafin a sake duba maganar tashi, kuma bai yi alkawarin komai ba. Ya ce an yi sa'a da aka gano da wuri. Na dubi Kyaftin ko zai ji wannan ɗin. Bai ji ba, takalminsa yake kallo.

Muna fitowa wurin ajiye motoci wani jirgi ya wuce ta kanmu. Ya ɗaga kai, ya dubi agogonsa, ya ce, "Na sha ɗaya da kwata ne. Jirgina ne. Sun makara minti takwas." Ya tsaya har sautin ya ɓace sannan ya buɗe mota. Duk hanya bai sake gyara min tuƙi ba, kuma na so ya gyara.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe 11:45 na safe

Kamfani sun aiko masa takarda. Kafin a ɗaga Dogo zuwa kujerar kyaftin sai wanda ya fi daɗewa yana tashi da shi ya rubuta shaida a kansa. Ana so a mayar ranar Litinin 28 ga wata. An dakatar da Kyaftin daga tashi, amma ba a dakatar da sa hannunsa ba.

Ya zauna a teburin cin abinci ya rubuta shafi guda, ya miƙo min. "Ke ce malama, duba min kurakurai."

Bai yi ƙarya a kan aikin Dogo ba, ya ce hannunsa yana da kyau. Amma a ƙasa ya ce shi ba zai ba da shawarar a damƙa wa mutumin nan jirgi da ma'aikata ba, don ba ya fuskantar abokin aiki da magana, sai dai ya zagaya ta baya. Ya ce irin wannan halin ba ya riƙe kujerar hagu ta kyaftin.

Na karanta sau biyu. Na ga ya manta waƙafi a layi na huɗu, na sa masa. Wallahi abin da na yi ke nan. Na sa waƙafi na mayar masa da takardarsa na ce sauran daidai ne.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Litinin, 21 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

Sauran kwana bakwai.

Talata, 22 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Na ba kowane kala maki a kan goma: kuɗi, yawan jirage, ko kwamfutar gida za ta ɗauka, ko zai ji daɗi, ko zai ji ciwo. Babban ya ci. Na canza yadda nake ba da makin, ya sake ci. Na soke layin jin daɗi gaba ɗaya, sai na tsakiya ya ci da rabin maki, na ji kunyar kaina. Da ɗalibi ne ya yi min irin wannan maguɗin da na kira iyayensa.

Na kira Yaya a lokacin hutun tara. Ita kaɗai ta sani, ita ce ma ta riƙe ni a waya ranar Larabar har na samu ƙarfin danna lambar. Na fara mata bayanin jirage goma sha biyu da goma sha takwas, ta katse ni.

"Ke dakata. Sati biyu kina min maganar wasan kwamfuta. Wasan ne ya hana ki barci?"

Na ce ina so in samo masa abin da zai ɗebe masa kewa ne.

"Toshiyar baki kike nema, kina tambaya ta nawa za ta isa. Ko jirgin gaske kika saya masa kika faka a ƙofar gida, yaron nan Dogo yana nan da laifin da bai yi ba. Wayar da kika yi daidai ce, ni na ce ki yi, gobe ma zan ce ki yi. Shirun nan kuwa ba da ni ba."

Na ce Yaya, in na faɗa ban san me zai rage min a gidan ba.

Ta ce, "Na sani, ƙanwata." Aka kaɗa ƙararrawa na koma aji.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na sayi babban, har da sitiyarin. Na kai kwamfutar gida shagon da sunan gyara. Mai shagon ya ce sai gobe da yamma za ta gama ɗauka don kayan da nauyi. Ya ƙara min da cewa, "Hajiya, in Alhaji ya kasa tada jirgin kada ya zo ya min faɗa, na gaya miki."

Na saya. Ban faɗa ba.

Asabar, 26 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na haɗa komai a teburin falo kafin ya fito daga wanka, na ɗaura sitiyarin, na kunna. Ya fito da tawul a wuya ya tsaya. Ya ce, "Mene ne wannan? Abin da na koma ke nan, wasan yara?" Ya sha mur, ya juya zai tafi. Na ce ka dai duba na ashirin da uku a jerin.

Ya duba don kada in ce ya ƙi. Allon ya buɗe a cikin jirginsa, a fake, komai a kashe.

Bai zauna nan da nan ba. Ya sunkuya ya kusa manna hanci da allon. Ya ce, "Kai." Ya ɗaga hannun dama sama, saitin kansa, inda maɓallan suke a jirgin gaske, ya kama iska. Ya sauke hannun a hankali ya ɗauki linzamin kwamfuta. Ya ce, "Har tabon da ke jikin madannin birki sun sa. Wannan agogon dai sun matsar da shi kaɗan." Muryarsa ba daidai take ba, na yi kamar ina gyara labule.

Can ya ce, "Ɗauko kujerar kicin ki zauna nan, dama da ni. Jirgin nan mutum ɗaya ba ya tada shi." Ya shiga sito da kansa ya buɗe jakar da Dogo ya kawo, ya ciro wata takarda mai roba a jiki, jerin abubuwan da ake dubawa kafin a tashi. Ni in karanta, shi ya duba ya amsa. Na karanta ina tuntuɓe da kalmomin, yana amsawa da wata murya da ban taɓa ji a gidan nan ba, a daidaice, ba sama ba ƙasa. Farfela ta hagu ta fara juyawa, sannan ta dama. Minti goma sha huɗu. Na so mai shagon nan ya gani.

Mun yi tafiyar minti arba'in muka sauka lafiya. Ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya. Ya tambayi kuɗin, na ce ba ruwanka. Ya kama hannuna ya ce, "Malama, duk duniyar nan ke kaɗai ce ba ki juya min baya ba."

Na ce bari in duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Lahadi, 27 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na faɗa.

Takardar Dogo tana kan firiji tun safe, a cikin ambulan, ya liƙe ta, ya ce gobe in biya da shi ya miƙa kafin in wuce makaranta. Bayan azahar ya ce mu tashi. Na zauna a kujerar kicin na karanta masa jerin. Duk tafiyar ina cewa a raina yanzu, yanzu, bakina ya ƙi buɗewa. Sai da na ga filin ya bayyana can ƙasa, ya sauke tayoyi, na san in muka sauka zai miƙe ya tafi, ni kuma ba zan sake samun zuciyar ba.

Na ce, Kyaftin, ba Dogo ba ne. Ni ce na kira likitan.

Bai juyo ba. Jirgin ya ɗan karkata hagu, ya daidaita shi. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ana sauka, Malama. Ba a magana."

Dokarsu ce, jiya ma ya gaya min. In jirgi ya fara gangarowa ba a wata magana sai ta aiki, ko me ya faru, sai an tsaya an kashe inji. Na ɗauka a wasa ba za ta yi aiki ba. Ya ce, "Karanta na sauka." Na karanta. Ya amsa kowane layi. Tayoyi suka taɓa ƙasa ba ko girgiza. Ya bi titin a hankali, ya karya kwana, ya kai jirgin mazauninsa, ya ja birki. Sannan ya shiga kashe maɓallai ɗaya bayan ɗaya, kuma a babban nan kowane maɓalli yana aiki. Da ƙaramin na saya da latsawa ɗaya ta gama komai. Minti goma sha ɗaya na yi a kujerar nan da maganata a waje, ina kallon farfela tana rage gudu.

Da allon ya yi shiru ya ɗora hannuwansa a cinya.

Ya ce, "Da ni ne a wurinki, da na kira. Tun ranar danja ya kamata in kira da kaina. Wannan na sani, ko ban faɗa ba."

Na fara cewa mutum saba'in, ya ce, "Na ce na sani."

Sannan ya ce, "Da kin gaya min a ranar, da na yi fushi, wataƙila sati guda, wataƙila biyu. Amma kwana ashirin da biyar kina kallona ina cin mutuncin yaron da bai min komai ba. Kin karanta takardar nan. Kin gyara min ita."

Na ce tsoro na ji.

Ya ce, "Ni ma tsoron na ji, shi ya sa na ce ki rufa min. Kin ga inda ya kai mu."

Ya tashi ya ɗauki ambulan daga kan firiji ya shiga ɗaki. Bai buga ƙofar ba, a hankali ya rufe ta. Da ya buga da na fi samun sauƙi.

Lahadi, ƙarfe 7:20 na yamma

Ya ci abinci. Ya ce na gode, kamar yadda ake ce wa ma'aikaciyar otal.

Litinin, 28 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe, cikin mota

Na nemi izinin awa biyu daga shugaban makaranta. Kyaftin ya fito da sabuwar ambulan, bai ba ni in duba kurakurai ba. Ya ce kafin kamfani mu biya gidan Dogo, yau ba ya aiki. Duk hanya maganarsa biyu ce, dama, hagu.

Da na faka na bar injin a kunne, na ce zan jira a nan. Ya miƙo hannu ya murɗa makullin ya kashe.

Ya ce, "Ni zan ba shi haƙurin abin da na yi masa. Dalilin kuwa ba nawa ba ne, ke za ki gaya masa da bakinki."

Na ce ka ba ni minti biyu. Ya ce to, ya fita.

Ga shi can ya ƙwanƙwasa. An buɗe, Dogo ne da kansa, da jaririyarsa a kafaɗa, ya ga Kyaftin ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Kyaftin bai shiga ba. Ya matsa gefe ɗaya ya bar wuri a bakin ƙofar, daidai faɗin mutum ɗaya, yana tsaye bai waiwayo ba.

Bari in ajiye biron.